Abin Da Ya Hana Mawadatan Ƙasashe Haihuwa

Tun daga shekarar 1798, sa'ad da wani malamin coci na Ingila mai suna Thomas Malthus ya wallafa littafinsa a kan yawan jama'a, yana mai da'awar cewa 'yan Adam suna hayayyafa fiye da yadda gonakinsu za su iya ciyar da su, har zuwa 1968 da Paul Ehrlich na Amurka ya sake ta da wannan tsohuwar fargaba da gargaɗin wata yunwa da ya ce za ta halaka ɗaruruwan miliyoyin mutane, masana da masu mulki da yawa na ƙasashen Turai sun yi ta ganin cewa babbar musibar da ke jiran duniya ita ce cikar ƙasa da mutane. A kan wannan fahimta aka kafa hukumomi, aka ware maƙudan kuɗi, aka tura ma'aikata ƙauyukan Asiya da Afirka domin su koya wa mata ƙayyade iyali. To ga shi ba a cika shekara 60 da gargaɗin na ƙarshe ba, sai reshe ya juye da mujiya, domin shugabannin da magabatansu suka yi ta roƙon talakawa su rage haihuwa, yau su ne ke tsaye gaban majalisunsu suna roƙon a haihu, suna alkawarin kuɗi da gida da rangwamen haraji, jama'arsu kuwa sun yi musu kunnen ƙashi.

Kafin a shiga neman sababi, ya kamata mai karatu ya san ma'aunin da masana ƙididdigar jama'a ke aiki da shi, wato matsakaicin adadin 'ya'yan da mace guda za ta haifa a tsawon rayuwarta. Sun yi ittifaƙi a kan cewa al'umma ba ta maye gurbin kanta sai wannan adadi ya kai 2.1, biyu su gaji uwa da uba, ɗan abin da ya hau kai kuma ya cike giɓin waɗanda ajali ya riska tun ba su kai munzalin aure ba. A farkon shekarun 1960, idan aka haɗa matan duniya baki ɗaya, adadin yana wajen 5. Yau ya sauko zuwa kimanin 2.3, kuma fiye da rabin ƙasashen duniya sun riga sun faɗa ƙasa da 2.1. Majalisar Ɗinkin Duniya, wadda ta ba da sanarwar cikar mutanen duniya biliyan 8 a watan Nuwamba na 2022, ita ce kuma ta yi ƙiyasi a 2024 cewa adadin zai tsaya a wajen biliyan 10.3 cikin shekarun 2080, daga nan ya soma komawa baya.

Babu inda al'amarin ya yi tsanani kamar Koriya ta Kudu, ƙasar da a 1960 matanta ke haihuwar 'ya'ya 6, amma a 2023 adadin ya faɗi zuwa 0.72, a Seoul babban birninta ma 0.55. Ma'anar wannan lissafi ita ce, idan hali ya ɗore a haka, mutum 100 na yau, rabinsu maza rabinsu mata, za su bar 'ya'ya 36, su kuma su bar jikoki 13, ba tare da an yi yaƙi ko annoba ba. A Japan, inda aka haifi jarirai fiye da miliyan 2 a 1973, haihuwar 'yan ƙasa ta gaza 700,000 a 2024, karo na farko tun da aka soma ajiye lissafi a 1899. Tun a watan Janairu na 2023 kuwa Firayim Minista na lokacin, Fumio Kishida, ya shaida wa majalisa cewa ƙasar tana gab da kasa tafiyar da al'amuranta na yau da kullum saboda ƙarancin yara. Ƙasar Sin, wadda ta tilasta wa jama'arta haihuwar ɗa ɗaya tak daga 1980 har zuwa ƙarshen 2015, ta wayi gari a 2022 mutanenta sun ragu da 850,000, abin da ba ta gani ba tun yunwar 1961, kuma a shekarar da ta biyo baya Indiya ta sha gabanta a yawan jama'a. Italiya, mazaunin Paparoma, wadda ta haifi yara fiye da miliyan 1 a 1964, ta kasa kai 400,000 a 2022.

Idan aka karanta irin waɗannan alƙaluma a majalisar hira, amsar da ta fi saurin zuwa bakin mutanenmu ita ce wai waɗancan mutane sun bar addini, sun fifita karnuka a kan 'ya'ya, shi ya sa Allah Ya cire musu albarka. Akwai ƙamshin gaskiya a cikin zancen, domin a ƙasashe da yawa masu riƙon addini sun fi waɗanda suka sake shi haihuwa. Sai dai wanda ya tsaya a nan bai yi wa mas'alar adalci ba. Iran jamhuriyar Musulunci ce wadda malamai ke mulkinta, amma a tsakiyar shekarun 1980 mace tana haihuwar 'ya'ya fiye da 6, kafin shekarar 2000 ta wuce adadin ya sauko kusan 2, saukar da tarihi bai cika ganin mai saurinta ba, har jagoran ƙasar, Ayatullahi Khamenei, da kansa ya fito a 2012 ya ce an yi kuskure da aka ci gaba da shirin ƙayyade iyali bayan buƙatarsa ta wuce. Turkiyya, inda Shugaba Erdogan ya shafe shekaru yana kiran kowane gida ya haifi aƙalla 'ya'ya 3, ta sauko zuwa 1.51 a 2023. Bangaladash, ƙasar Musulmi manoma, ta sauko daga wajen 7 a farkon shekarun 1970 zuwa kimanin 2. Tun da masallatan waɗannan ƙasashe ba a rufe suke ba, lalle akwai wasu dalilai da suka shafi yadda ake zama da yadda ake neman abinci, waɗanda ke aiki a kan mumini da kafiri ba tare da sun tambayi aƙidar kowa ba.

Dalili na farko rahama ce daga Ubangiji, bai kamata a lissafa shi cikin musibu ba. Shekaru 200 da suka wuce, idan aka haɗa duniya baki ɗaya, fiye da yara 4 cikin kowane 10 ba sa kai shekara 5, saboda agana da baƙon dauro da gudawa da zazzaɓi suna ɗauke su ɗaya bayan ɗaya. Yau kuwa, albarkacin allurar rigakafi da tsabtataccen ruwa da magungunan zamani, waɗanda ke rasuwa kafin wannan shekaru a duniya baki ɗaya ba su kai 4 cikin 100 ba. Uwar da ta san cewa cikin goman da za ta haifa ƙila biyar ne za su rayu su yi mata jana'iza, ba za ta yi lissafi irin na uwar da ke da yaƙinin cewa duk wanda ta haifa, in Allah Ya yarda, zai girma ba. Saboda haka duk inda mutuwar ƙananan yara ta ragu, bayan 'yan shekaru sai haihuwa ta bi sahunta. Amma wannan dalili iyakarsa ya bayyana saukowa daga 7 zuwa 3. Bai isa ya bayyana abin da ya kai al'umma ga 1 ko ƙasa da haka ba.

Dalili na biyu, wani masani ɗan Ostireliya mai suna John Caldwell ne ya fi kowa fayyace shi a 1976, kuma abin lura shi ne a nan yankinmu ya samo hujjojinsa, domin ya koyar a Jami'ar Gana, ya kuma yi bincike mai tsawo a Ibadan da ƙauyukan Yarabawa. Abin da ya fahimta shi ne, a zaman gargajiya dukiya daga 'ya'ya take gangarowa zuwa ga iyaye, a zaman zamani kuwa daga iyaye take gangarawa zuwa ga 'ya'ya. Bahaushen da ya tashi a gidan gandu ba ya buƙatar a yi masa dogon sharhi a kan haka, domin ya san yaro ɗan shekara 7 yana kiwon awaki yana korar tsuntsu daga gona, ɗan shekara 12 ya riƙi fartanya, saurayi ya yi kwanakinsa a gandun uba kafin ya waiwayi gayaunarsa, idan tsufa ya zo kuma 'ya'yan nan su ne abinci, su ne magani, su ne likkafani. A birni kuwa yaro ba ya shigo da komai har sai ya haura shekara 20, alhali yana cin abinci na saye, yana kwana a ɗaki na haya, yana karatu na kuɗi. Sa'an nan tun da Bismarck, shugaban gwamnatin Jamus, ya kafa fanshon tsofaffi a ƙasarsa a 1889, sauran ƙasashe suka yi koyi da shi, sai hukuma ta karɓi aikin da 'ya'ya ke yi wa iyaye a ƙarshen rayuwa, har ya zama mai ɗa da marar ɗa kuɗi ɗaya suke karɓa, ko da yake 'ya'yan mai ɗa ne ke biyan harajin da ake ciyar da su duka biyun.

Da a ce tsadar ta tsaya ga ci da sha da sutura, da mawadata ba su ji ta ba. Abin da ya tsananta ta shi ne gasa. A Koriya ta Kudu akwai jarrabawa guda ta shiga jami'a da ake yi a watan Nuwamba, wadda girmanta a idon jama'a ya kai ana dakatar da tashi da saukar jiragen sama lokacin da ɗalibai ke sauraron tambayoyin Turanci, domin sakamakonta ne ke yanke wa yaro jami'ar da zai shiga, jami'ar ta yanke masa kamfanin da zai ɗauke shi, kamfanin kuma ya yanke masa wadda za ta yarda ta aure shi. Saboda haka kusan yara 8 cikin 10 suna zuwa makarantun kuɗi na yamma bayan an tashi daga ta gwamnati, wasu sai dare ya raba suke komawa gida, kuma a 2023 kaɗai iyaye sun kashe tiriliyan 27 na won, kuɗin ƙasar, a wannan hanya. Magidancin da ya ga haka sai ya ce gara ya tara ƙarfinsa a kan ɗa ɗaya ya kai shi gaci, da ya haifi uku su tashi a bayan sa'o'insu. Wannan ɗabi'a ba baƙuwa ba ce ga wanda ya karanta Muƙaddimar Ibn Khaldun, wadda ya rubuta a 1377, inda ya yi bayanin cewa idan mutane suka daɗe a zaman birni da ni'ima, buƙatunsu kan yi ta rassa, abin da jiya ƙawa ne yau ya zama lalura, har abin da ake kashewa ya rinjayi abin da ake samu. Talaucin da ke hana waɗannan mutane haihuwa na gwada kai da maƙwabci ne, kuma irinsa ƙaruwar albashi ba ta maganinsa, domin albashin maƙwabcin ma ya ƙaru.

Daga nan sai mas'alar aure, wadda ita ce ƙofar zuri'a, musamman a ƙasashen gabashin Asiya inda haihuwa ba tare da aure ba har yanzu abin kunya ce kuma ba ta da yawa. Rabin mutanen Koriya ta Kudu sun cunkushe a Seoul da kewayenta saboda can ayyuka suke, kuma al'adar hayarsu ita ce mai shiga gida ya ajiye wa mai gida dunƙulallen kuɗi wanda sau da yawa yakan haura rabin kuɗin gidan, abin da saurayi ba zai tara ba sai ya yi shekaru yana aiki. Shi ya sa budurwar da a 1990 ke yin auren fari tana da kusan shekara 25, a 2023 sai ta haura 31, namiji kuma 34. A Japan, a 1980, mazan da suka kai shekara 50 ba su taɓa aure ba ba su kai 3 cikin 100 ba. A 2020 sun kai 28 cikin 100. A ƙasar Sin, inda tsadar gida da tsadar kuɗin aure suka haɗu suka danne samari har hukuma ta shiga yaƙi da tsawwala kuɗin, an ɗaura aure fiye da miliyan 13 a 2013, amma a 2024 abin da aka ɗaura bai wuce miliyan 6 da kaɗan ba. Jikin mace kuwa ba ya jiran a gama biyan bashin gida, domin likitoci sun tabbatar cewa samun ciki yana ƙara wuya bayan shekara 35. Sau da yawa wadda ta yi niyyar jinkirtawa kawai, sai ta tarar jinkirin ya zama hani.

Amma dalilin da a ganina ya fi duk waɗannan nauyi, wanda kuma ba a cika ambatonsa a jawaban shugabanni ba, shi ne watsewar dangi. Tun da aka halicci ɗan Adam ba a taɓa samun al'ummar da mace ɗaya ke renon ɗa ita kaɗai ba sai a wannan zamani. Mu duba yadda abin yake a gidajenmu na gargajiya: mai cikin fari takan tafi goyon ciki gidan iyayenta, ungozoma ta karɓi haihuwa, wata dattijuwa ta tsaya mata a kan wankan jego da kunun kanwa har a yi arba'in, ƙanne da 'yan uwa su yi ta karɓar goyo, idan lokacin yaye ya yi a kai yaro wurin kaka, wani ma goggo ko kawu su ɗauke shi riƙo har su aurar da shi, maƙwabci ya tsawata masa idan ya ga ya kauce, saboda an yarda cewa ɗa na kowa ne. To a ɗauke duk waɗannan mutane, a bar miji da mata su biyu a wani ɗan ɗaki a hawa na ashirin, iyayensu suna wani gari mai nisa, maƙwabtansu ba su san sunansu ba, miji ya fita tun asuba ba ya dawowa sai dare, ita ma matar tana da aikin ofis wanda in ta bari ba za a iya biyan haya ba, in kuma ta nemi hutun haihuwa a ɗauke ta a matsayin wadda ba ta da himma, ta dawo gida a gajiye ta tarar da girki da wanki da aikin makarantar yaro suna jiranta. Wace mace ce za ta ɗanɗana wannan sau ɗaya ta nemi ƙari? Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Masu ɗora laifin a kan karatun mata sun yi gaggawar hukunci, domin neman ilimi farilla ne a kan mace kamar yadda yake a kan namiji. Abin da ya faru shi ne an buɗe wa mace ƙofar makaranta da ta ofis, an ɗora mata kaya na biyu, ba a rage mata ko ƙwayar zarra daga na farko ba, an kuma kore mata masu taimako.

Ba za a musa ba cewa buri ma ya sauya, kuma abin da ido ke gani kullum yana gyara abin da zuciya ke so. Wasu masana tattalin arziki sun bi diddigin yaɗuwar tashar talabijin ta Globo a Birazil, wadda wasanninta na kwaikwayo ke nuna mata 'yan birni masu ɗa ɗaya ko marasa ɗa, suka tarar cewa yankunan da tashar ta riga isa sun riga sauran rage haihuwa. Idan akwatin talabijin guda a tsakar gida ya yi wannan tasiri, ina ga wayar da ke tafin hannun kowane saurayi da budurwa dare da rana, tana nuna musu rayuwar da ba za su iya riska ba, tana kuma ɗebe musu kewar da a da ita ke tura mutum neman abokin zama? Duk da haka kuskure ne a ce mutanen zamani sun daina son 'ya'ya. A 2025 Asusun Kula da Yawan Jama'a na Majalisar Ɗinkin Duniya ya tambayi mutane kimanin 14,000 a ƙasashe 14, har da Nijeriya, ya tarar mafi yawansu suna son 'ya'ya biyu ko fiye, kusan ɗaya cikin biyar na ganin ba zai sami adadin da yake so ba, kuma abin da aka fi ambata a matsayin cikas shi ne ƙuncin hannu.

Ganin haka sai hukumomi suka zaci kuɗi zai warware matsalar, kuma ba su ne farkon masu wannan zato ba, domin tun shekara 18 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salamu, Sarkin Rum Augustus ya kafa dokokin da ke tauye gadon gwauraye suna fifita mai 'ya'ya uku, amma masu tarihin Rum sun rubuta cewa manyan gari ba su ƙara aure ko haihuwa ba. Koriya ta Kudu ta kashe abin da ya kai dala biliyan 200 daga 2006 zuwa 2022, haihuwa tana ta raguwa a mafi yawan waɗannan shekaru. Hangari ta ba da sanarwa a 2019 cewa ta yafe wa duk uwar 'ya'ya 4 harajin albashi har ƙarshen rayuwarta, adadin ya ɗan tashi zuwa wajen 1.6, sa'an nan ya sake sulalewa. Finland, wadda ake buga misali da ita wajen hutun haihuwa da gidajen reno, ta sauko daga 1.87 a 2010 zuwa 1.26 a 2023. Ƙasar Sin ta halatta 'ya'ya 2 a 2016, ta halatta 3 a 2021, amma haihuwar da ta kusa miliyan 18 a 2016 ta koma miliyan 9 a 2023. Darasin a fili yake: hukuma tana da ikon hana haihuwa da doka da tara, amma ba ta da ikon mayar da ita, domin baitulmali yana iya biyan kuɗin madara da na asibiti, ba ya iya sayo kaka ko goggo ko maƙwabci na gari. Sakamakon kuwa ya soma bayyana a Japan, inda kusan kashi 30 cikin 100 na jama'a suka kai shekara 65 ko fiye, gidaje wajen miliyan 9 suke kulle babu mai zama, ana kuma rufe ɗaruruwan makarantu kowace shekara saboda babu ɗalibai.

Mai karatu na iya cewa ina ruwanmu, tun da mu kukan yawa ake yi mana. Gaskiya ne Nijar tana cikin ƙasashen da suka fi kowa haihuwa a duniya, kuma binciken lafiya na Nijeriya na 2018 ya nuna mace a Jihar Katsina tana haihuwar 'ya'ya 7.3, amma wannan binciken ne ya nuna 3.4 a Legas, kuma adadin ƙasar baki ɗaya ya sauko daga 5.7 a 2008 zuwa 5.3 a 2018, zuwa 4.8 a binciken 2023 da 2024, kamar yadda na Nijar ya sauko daga 7.6 a 2012 zuwa 6.2 a 2021. Duk dalilan da aka lissafa a sama sun riga sun sauka a biranenmu. Ma'aikaci a Abuja ko Kano ko Yamai yana lissafin kuɗin haya da kuɗin makarantar kuɗi kafin ya yi murnar cikin matarsa. Saurayi yana haura shekara 30 yana tara kuɗin lefe da na ɗaki, uban yarinya yana cin bashi domin kayan ɗaki da gara, alhali shari'a sadaki kawai ta wajabta, ta kuma kwaɗaitar da sauƙaƙa shi. Gandu ya watse, riƙon ɗan ɗan'uwa ya zama abin ƙyashi, katangun gidaje sun yi tsawo har maƙwabci ba ya jin kukan jaririn maƙwabcinsa. Ba kuma za mu yi alfahari da yawa kawai ba, alhali yaro ɗaya cikin goma a Nijeriya ba ya kai shekara 5, fiye da kwata na matan da ke rasuwa wajen haihuwa a duniya 'yan Nijeriya ne, yara fiye da miliyan 10 kuma ba sa zuwa makaranta. Malaman usulu sun sanya kiyaye zuri'a cikin manyan maƙasudan shari'a guda biyar, kuma kiyayewa ta ƙunshi samar da ita da kuma tsare ta. Alƙur'anin da ya haramta kashe 'ya'ya don tsoron talauci, shi ne ya ɗora wa uba nafaƙa, ya kuma ƙayyade shayarwa shekara biyu ga mai son cikawa.

Saboda haka abin da ya kamace mu, tun muna da sauran abin da waɗancan suka rasa suke nema da dala biliyoyi, shi ne mu riƙe shi da hannu biyu. Sarakuna da malamai su tsaya tsayin daka wajen rage bidi'o'in da suka tsadar da aure, kuma masu hali su fara da 'ya'yansu, domin talaka da su yake koyi. Hukumomi su gyara makarantun gwamnati da asibitocin haihuwa, har magidanci ya daina ganin kowane ɗa a matsayin sabon bashi. Masu ɗaukar ma'aikata su ba mai jego hutun da ya dace ba tare da ta ji tsoron rasa aikinta ba. Maza su tuna cewa Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, yana taimakon iyalinsa a aikin gida, kuma ba wanda ya fi shi daraja. Dangi kuma su raya zumunci da aiki, su karɓi goyo, su riƙi maraya, su leƙa mai jego, su bar ɗauka cewa gaisuwa ta waya ta sauke musu nauyi. Al'ummar da ta bar wa mace ɗaya renon ɗa, ko ba daɗe ko ba jima za ta rasa 'ya'ya, wadda kuma ta haifa ta watsar za ta rasa amfaninsu. Allah Ya ba mu zuri'a ɗayyiba, Ya kuma ba mu ikon sauke haƙƙinta.